Takalman Ɗanliti Wanzami

Duk wanda aka haifa a Ƙofar Marusa a zamanin da ake zuwa har gida a yi wa jariri askin suna, da wuya in ba askar Ɗanliti ce ta fara taɓa kansa ba. Wanzami ne ɗan wanzami, dogo, siriri, mai saurin tafiya da saurin fushi, amma fushin nasa ba ya kai azahar. Sunansa na yanka Muhammadu, sai dai ranar Litinin aka haife shi, ranar kuwa ta bi shi har tsufa.

Abin da aka fi saninsa da shi ba askar ba ce, ƙafa ce. Bai taɓa mallakar keke ba, kuma ba rashi ya hana shi ba, shi dai gani yake keke na malalata ne. Da an sallame sallar asuba zai rataya zabirarsa ya kama hanya: askin suna a Ƙofar Guga, ƙaho a wani gida can cikin gari, gyaran gemu ga wani dattijo da ba ya yarda kowa ya taɓa masa fuska sai shi. Kafin rana ta yi zafi ya ratsa birnin ya dawo, goro a aljihu, labarin gari a baki.

A Katsina kuwa tafiya a ƙasa ba ƙaramin aiki ba ce, ba don nisa ba, sai don gaisuwa. Mutum bai isa ya wuce wanda ya sani bai tsaya an tambayi gida da iyali da aiki da gajiya da jikin tsohuwa ba. Ɗanliti ya samo wa wannan dabara. Tun daga nesa yake ɗaga murya ya fara gaisuwar, ya amsa ta yana tafe, kafin a zo kan "a gaida gida" ya riga ya sha kwana. Ba wanda ya taɓa riƙe shi da wannan. Da an hango zabira a kafaɗarsa an san akwai jariri da ke jira a wani gida, sai a ba shi hanya.

Matarsa ɗaya, Furera. 'Ya'yansu mata duk sun yi aure, namiji ɗaya ne, kuma shi ne ɗan fari, Sagir. Mutanen da ne su, masu kunyar ɗan fari. Tun ranar da Ɗanliti ya aske kan yaron nan bai taɓa kiran sunansa ba, haka ma uwar. "Wancan" ake cewa, ko "yaron nan". Bai taɓa zama ya yi hira da shi ba. In da magana, sai ya dubi Furera ya faɗa, alhali yaron yana durƙushe a bakin ƙofa yana ji.

Da sojoji suka koma bariki aka buɗe siyasa, Sagir, wanda a lokacin kayan gyaran babur yake sayarwa, ya shiga ciki da ƙafar dama. Ya tsaya kansila, ya ci. A gida abin da ya fi yi wa iyayen daɗi shi ne sun samu sunan da za su iya furtawa ba kunya: Kansila. Ya samu gida a gefen GRA, unguwar manya, ya sayi mota mai tsohuwar lamba, ya fara sa babbar riga ko ba Juma'a ba.

Kada a ɗauka Sagir mugun ɗa ne. Yana ƙaunar ubansa ƙauna mai tsanani, kuma abin da ya fi tsaya masa a rai tun yana yaro shi ne fason da ke dugadugan uban, wanda Furera ke cusa wa man kaɗanya da yamma. Saboda haka abu na farko da ya yi da ya samu hali shi ne ya ce Baba ya huta. Ya sa aka gina dakali a ƙofar gida, aka shimfiɗa darduma, aka rataye zabira a ƙusa cikin ɗaki. Kullum ana kawo kwanon abinci daga GRA, mai na yawo a kan miya. Ɗanliti ya so ya yi gardama, amma ta yaya mutum zai yi gardama da ɗan da ba ya iya kallon idonsa? Ya zauna. Cikin 'yan shekaru siririn wanzamin nan ya ajiye tumbi, abokan wasansa suna tsokanarsa wai dimokuraɗiyya ta karɓe shi.

Wata safiya, yana gama shan koko, ya ji kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji. Gumi ya karyo masa, hannun hagu ya yi nauyi. Da yake wanzami ne, ya yanke hukunci da kansa cewa mataccen jini ne, ya aika aka kira wani ɗan'uwansa a sana'a ya kafa masa ƙaho a baya. Ana cikin ƙahon ya sulale. A asibiti aka ce ciwon zuciya ne, wata jijiyar da ke kai mata jini ce ta toshe, kuma saura kaɗan da an yi ta'aziyya.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani mai irin ciwon, Babaji, tsohon direban babbar mota daga Ƙofar Guga, ƙato, da robar iska a hanci. Nasa ya fi tsanani, har masu zuwa duba Ɗanliti sukan saci kallonsa su yi ƙasa da murya. Amma bakinsa bai mutu ba. Da sauƙi ya fara samuwa, shi da Ɗanliti suka ƙulla abota ta tsiya, kowa na ce wa ɗan'uwansa shi zai riga shi tafiya.

Ranar sallama likita ya zo da wani mutum mai matsakaicin shekaru, Malam Bashir, ma'aikacin sashen gashi da motsa jiki.

"Baba, ƙwayoyin da na rubuta maka rabin magani ne," in ji likita. "Ɗaya rabin yana wurin wannan bawan Allah. Na tura ka gare shi, kai da maƙwabcinka."

Malam Bashir ya russuna ya gaishe su, sannan ya ce, "Muna taruwa da sahe a hilin makarantar firamare ta bayan unguwarku. Ba gudu, ba tsalle. Tahiya ce sannu-sannu, ina auna jinin kowa kahin a fara da bayan an gama. Zuciya nama ce, Baba. In an bar ta kwance sai ta saki."

Ɗanliti ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin ya kwanta. "Tahiya? Yaro, ni za ka koya ma tahiya? Tambayi garin ga."

"To ai shi ke nan, sai ka zo ka koya mamu."

Sagir ba ya nan, yana wurin taro. Furera ce ta ji, kuma a kunnenta maganar banza ce. Mutumin da aka ƙwato daga bakin kabari, a ce ya fita yawo?

Mu dai mun iya jinya, har mukan wuce gona da iri. Da aka dawo gida aka shimfiɗa wa Ɗanliti katifa, aka jera matasai, aka buɗe ƙofar dubiya. 'Yan'uwa, maƙwabta, 'yan jam'iyya da ba su taɓa sanin hanyar gidan ba, kowa da abin da ya riƙo: farfesun kaza, soyayyen nama, madarar gwangwani. Kowa kuma da nasihar da zai bari, iri ɗaya: a kwanta a huta, kada a motsa. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, sai mutum uku su riga shi. A wurinmu wannan ita ce ƙauna, kuma wanda ya ƙi ta ya yi butulci.

Amma maganar Malam Bashir ta shiga ransa. Da ƙafar masu dubiya ta ɗan ɗauke, wata safiya ya sa takalmansa na fata ya fita, Furera na bin sa da ido.

Filin ba nisa, a da ko tsayawa gyara hula ba zai yi ba ya isa. Ranar kuwa sai da hantsi ya dubi ludayi. Bai yi nisa ba sai mai shayi ya taso da gudu ya riƙe hannunsa: ya jiki, ya ƙarfin jiki, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Ya wuce shi sai ga liman, bayan liman sai tela. Ya gwada tsohuwar dabararsa ta gaisawa yana tafe, sai aka bi shi aka tare, don mai jinya ba ya wuce addu'a. Ga 'yan kabu-kabu, waɗanda rabinsu shi ya yi musu kaciya, kowane ya taka birki.

"Baba, hau in kai ka."

"Tahiya nike son yi."

"Haba Baba, muna garin ga? Wallahi ba ka taka ƙasa."

Da ya isa, masu zagayen sun kusa gamawa. Ba su da yawa, dattawa ne da 'yan tsaka-tsaki, suna tafe a hankali a gefen filin, Babaji a can baya yana haki yana zagin ƙafafunsa. Malam Bashir ya auna jinin Ɗanliti, ya jera da shi suka yi ɗan zagaye, yana jan sa da hira don ya ji ko numfashinsa na sarƙewa. Iskar safe ta shiga rigarsa. Ya ji ƙasa a ƙarƙashin takalmi, ya ji jikinsa ya tuna da shi. Ya koma gida ya ci abinci da marmari, ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba.

Haka aka yi ta yi, kullum yana makara saboda gaisuwa. Sai wata safiya idonsa ya faɗa kan zabirar da ke rataye a ƙusa, ƙura ta rufe ta. Dabara ta zo masa, har ya yi murmushi. Ya kakkaɓe ta, bai ko duba ko da aska a ciki ba, ya rataya ya fita.

Abin ya yi aiki kamar yankan wuƙa. Mai shayi ya taso, ya ga zabira, ya tsaya daga inda yake ya ɗaga hannu. Tela ya gaishe shi daga kan keken ɗinkinsa. 'Yan kabu-kabu suka rage gudu suka wuce. Ranar shi ya riga kowa isa filin, har ya samu bakin yi wa Babaji tsiya.

Abin da bai lissafa ba shi ne abin da idanun nan suka gani. Ba su ga mai jinya da ke bin umarnin likita ba. Sun ga uban Kansila, daga gadon asibiti, ya koma bin gidaje da zabira. Zaɓe kuwa ya matso. Kafin la'asar maganar ta gama zagaya majalisun unguwa, 'yan adawa sun ƙara mata gishiri: wanda ya kasa ciyar da ubansa, shi zai riƙe mazaɓa?

Da yamma motar Sagir ta tsaya a ƙofar gida. Ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa.

"Baba, mi na rage ka da shi?"

Ɗanliti ya dubi Furera. "Gaya mashi ba aski na hita yi ba. Likita ya ce in yi tahiya. Zabirar don a ba ni hanya ce."

"Ana cewa na bar ka kana neman na abinci da ciwo a ƙirji," in ji Sagir. "Zagin bai dame ni ba." Ya dame shi, kowa a ɗakin ya sani. "Amma in ka faɗi bisa hanya, Baba, da wane ido zan dubi mutane? In hilin ne, ni da kaina zan riƙa zuwa in kai ka a mota."

Da zai tafi ya miƙa hannu ya sauke zabirar daga ƙusa, cikin ladabi, ya fita da ita. Ɗanliti yana da amsa cike da baki, irin wadda da wani ne da ya sha ta. Ya haɗiye.

Sagir ya cika alkawari na 'yan kwanaki, sannan yawon neman ƙuri'a ya haɗiye shi da motar. Ɗanliti kan shirya ya zauna a zaure yana sauraron ƙarar mota har rana ta take. Aika wa ɗan fari a tuna masa alkawari kuwa ba abin da zai iya ba ne. Yana cikin shawarar ya koma fita da ƙafa sai labari ya zo cewa ɗaya daga cikin masu zagayen ya rasu. A gidansa ya rasu, a kan gadonsa, kuma an ce ya daɗe da daina shan magani, amma wa ya tsaya jin wannan? Abin da gari ya riƙe shi ne zagayen fili ya kashe shi.

Washegari Ɗanliti ya nemi takalmansa a bakin ƙofa bai gani ba. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan randa.

"Furera, ina takalmana?"

Ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba. Ya ɗaga murya, tsohon fushin ya taso. Sai ta ajiye rariya, ta zo ta durƙusa a gabansa, abin da rabonta da yi tun tana amarya.

"Malam, ni na ɓoye su. Ka yi mani duk abin da za ka yi. Na ga sa'adda aka hita da kai daga gidan ga kamar gawa. Ba ni iya sake gani."

Hawaye na zuba a fuskarta. A duk zamansu bai taɓa ganin ta roƙe shi wani abu ba. Fita ba takalmi kuma, uban Kansila, ai sai abin ya fi na zabira muni. Ya koma ɗaki ya kwanta. Da Malam Bashir ya zo da kansa neman ba'asi, daga zaure aka sallame shi, aka ce mai gidan na barci. Ɗanliti yana jin muryarsa daga ciki.

Damina ta shigo ta fita yana kwance. Ya daina zuwa masallaci, daga baya ya koma sallah a zaune. Cinyoyinsa suka zube, ƙafafun suka kumbura suka yi sheƙi, fason nan na da ya ɓace sarai, dugadugan suka yi laushi kamar na jariri. Zuwa bayan gida sai da ya zama tafiya mai hutu a hanya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba wanda zai ɗora wa laifi. Kowa so yake masa. Yakan kwanta ya rufe ido ya bi birnin a ransa, lungu-lungu, daga ƙofar gidansa har Ƙofar Guga, yana tuna inda kwata take da inda ake tsallake dutse.

Sagir bai samu takara ba, jam'iyya ta ba wani. Sunan Kansila dai ya zauna masa. 'Yan dubiyar jam'iyya suka ɗauke ƙafa, shi kuma ya samu lokacin zuwa ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ubansa, ba mai ce wa wani komai.

Yana zaune haka wata safiya aka yi sallama da wata murya mai kauri. Wani mutum ya shigo, gumi a goshi, ƙura a ƙafa. Sai da ya matso kusa Sagir ya gane shi. Babaji ne, na gadon kusa, mai robar iska. Ya faɗa, fatarsa ta yi kyau, yana tsaye ba sanda.

"To, wanzami, ashe nan ka maƙale. Kai da ka ce za ka koya mamu tahiya."

"Wa ya kawo ka?" in ji Ɗanliti, yana ja da numfashi tsakanin kalmomin.

"Ƙahwata. Daga Ƙohwar Guga, na biya hili na yi nawa, na ce bari in ga ko ka riga ni tahiyar da muke gardama."

Ya yi dariya, sai idonsa ya sauka kan ƙafafun abokinsa, dariyar ta tsaya. Ya zauna ya yi 'yar hira ta dole, ya yi addu'a, ya tashi. Sagir ya raka shi waje ya ce zai kai shi gida a mota. Babaji ya dube shi sama da ƙasa.

"A'a, ɗana. Bar ni da ƙahwata."

Sagir ya daɗe tsaye a ƙofar gida yana kallon bayansa har ya sha kwana. Da ya dawo ciki, bai tsaya a bakin ƙofar uban ba, ya wuce wurin uwar. Ba a ji abin da suka ce ba. An dai ga Furera ta shiga ɗakinta, ta buɗe wata tsohuwar kwalla, ta fito da takalma a cikin leda.

Ba su shiga ba. Ƙafar ta fi ƙarfinsu. Da safe silifa ɗin Sagir aka zura wa Ɗanliti, aka tallabe shi zuwa mota.

A filin, masu zagayen sun ƙaru, har da mata a can ɗaya gefen. Aka zaunar da Ɗanliti a kan bencin 'yan makaranta. Malam Bashir ya zo ya gaishe shi, bai ce komai a kan abin da ya wuce ba. Ya auna jini, ya saurari ƙirji, ya danna yatsa a ƙaurinsa. Da ya ɗaga, ramin ya zauna.

"Yau ba tahiya, Baba. Daga nan asibiti za ku wuce, likita ya gan ka, ruwa ya taru. In ya sauka, mu fara."

"Mu fara daga ina?"

"Daga kujera. Ka tashi, ka zamna. Ka tashi, ka zamna."

Mutumin da ya gama birnin Katsina da ƙafa kafin hantsi, yau tashi daga kujera za a koya masa.

"Zai koma kamar da?" Sagir ya tambaya a hankali.

"Ba ni yi maka alkawari," in ji Malam Bashir. "An daɗe."

Masu zagayen suka zo wucewa, Babaji a gaba, ya ɗaga hannu bai tsaya ba. Lokacin komawa mota ya yi. Sagir ya sunkuya da sauri, ya zura hannuwansa a hammatar ubansa zai ɗaga shi.

"Sagir."

Hannuwan suka sandare. Bai taɓa jin sunan nan a wannan bakin ba.

"Sake ni."

Ya sake shi, ya ja da baya, ya mayar da hannuwansa bayansa ya riƙe ɗaya da ɗaya. Ɗanliti ya dafa gwiwoyinsa, ya yunƙura, ya ɗago kaɗan, ya koma kan bencin da ƙarfi. Ya zauna yana haki. Sagir na tsaye, hawaye na sauka kan babbar rigarsa, bai matso ba.

Da numfashin ya dawo, tsohon ya gyara zaman silifa a ƙafarsa, ya sake dafa gwiwa.